Gamba: Tarihin Ciyawar Da Ta Tsare Iyakokin Bacirawa

 

Lokacin da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihin Bacirawa domin fitowar bana, na san abin da akasarin 'yan uwa za su sa rai su gani, wato jerin sunayen dagatai da masu unguwanni, da labarin wanda ya fara saran daji ya kafa gari. Wannan aiki ne babba, kuma akwai dattawan da suka fi ni cancantar yin sa. Ni dai ciyawa na zaɓa. Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri ya biyo ni a hankali, domin a ganina duk wanda ya bi tarihin gamba a ƙasarmu zai gane yadda kakanninmu suka riƙe gonakinsu, da kuma yadda gonakin suka riƙa suɓucewa daga hannunmu.

Saboda 'ya'yanmu da aka haifa a Legas da Abuja da Fatakwal, ya kamata in fara da bayanin ita kanta gambar. Ciyawa ce doguwa mai fitowa a dunƙule, tushe guda ya yi 'ya'ya masu yawa. Idan ta sami wuri takan fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, har ta kai mita 3 ko fiye. Ganyenta dogo ne mai ɗan gashi, da farin layi a tsakiyarsa. Abin da ya raba ta da su harkiya da burburwa da ƙarangiya shi ne ba ta mutuwa da ɗaukewar ruwa. Samanta ya bushe, amma tushen yana nan da ransa a ƙarƙashin ƙasa, shekara da shekaru. Tana da saiwoyi na sama masu kama yayyafi komai ƙanƙantarsa, da masu kauri da take ajiye abinci a cikinsu, da kuma masu nutsewa can ƙasa neman laima. Shi ya sa tun kafin ruwan shuka ya sauka sosai za ka ga ta fara tsiro, alhali sauran gona fari fat.

Ƙasar da ba ta san saura ba

Ba za a fahimci matsayin gamba a wurinmu ba sai an tuna irin ƙasar da muke ciki. Karkarar da ta kewaye birnin Kano ta daɗe da cika da jama'a. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya yaba albarkar ƙasar da yadda aka nome ta. A wasu sassan ƙasar Hausa manomi kan noma gona shekaru kaɗan, in ta gaji ya bar ta saura ya sari sabuwa. Mu a nan babu dajin da za a sara. Gonar da kaka ya noma ita jika zai noma, kowace shekara, ba hutu. Abin da ya riƙe ta shi ne taki. Dattawanmu suna tuna jerin gwanon jakuna da ke shiga birni da asuba ɗauke da itace da kara, su komo da mangaloli cike da shara da kashin dabbobi, a zube su tsibi-tsibi a gona tun da rani.

Wannan tsari ya ja hankalin masana. A 1965 Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, shi da abokin aikinsa J. Wilson suka fitar da rahoton bincike a kan ƙasa da jama'ar kewayen Kano. Abin da ya kamata kowane ɗan Bacirawa ya sani shi ne a gundumar Ungogo suka yi wannan bincike, wato a ƙasarmu. Sun tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome shi duk shekara. Mortimore ya rasu a 2017, bayan ya shafe rayuwarsa yana nuna wa duniya cewa yawan jama'a bai kashe ƙasar Kano ba, domin manomanta sun san yadda ake tattalinta.

To, a ƙasar da babu daji, ina za a sami ciyawar jinka da ta zana? Wanda ke zaune a bakin daji lauje kawai zai ɗauka ya je ya yanko. Kakanninmu kuwa sai da suka mai da gamba abin shukawa. Suka ɗauko ta suka dasa a wurin da ba zai rage musu kunya ko ɗaya ta gero ba, wato a kan iyakar gona. Nan ta zama mai gida. Kowane layin gamba yana da mai shi, kuma yankan gambar wani ba da izininsa ba ɗaya yake da shiga rumbunsa.

Ba ita kaɗai ce alamar iyaka ba. Akwai lalle, akwai bini-da-zugu, akwai aguwa da ake jerawa a gefen burtali don kada shanu su faɗa gona. Amma gamba ta fi su sauƙin dasawa, kuma ta fi su amfani a cikin gida.

Shaidar da ba ta karɓar toshi

A nan nake so in ɗan tsaya, domin nan ne zuciyar maganar. Gona a wurinmu gado ce, kuma ana raba ta ne bisa shari'a. Idan mai gida ya rasu aka raba wa magada, da damina ta kama sai a tsaga tushen gamba daga tsohuwar iyaka a dasa a kan sabuwar. Saboda haka wanda ya iya karatun gona, in ya tsaya ya dubi layukan gamba, zai iya gaya maka cewa waɗannan gonaki uku a dā ɗaya ce, kuma masu su 'yan wa da ƙane ne. Tsohon layi ya fi kauri, ya kuma fi tudu, saboda shekarun da ya yi yana tare rairayin da iska ke kwasowa. Sabon layi siriri ne. Babu takarda, babu hatimi, amma tarihin zuriya yana rubuce a doron ƙasa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba a daɗe ba suka shigo da awon gonaki domin yanka haraji, abin da aka riƙa kira taki, saboda da takawa ake auna tsawo da faɗin gona. Malaman taki suka bazu a karkara da littattafansu. Ba su zo da sabuwar iyaka ba, wadda suka tarar ita suka bi suna ƙirgawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, sai darajar gona ta ƙaru, saye da sayarwa da jingina suka yawaita. Kowace kunya ta zama kuɗi. A irin wannan hali iyakar da ba ta gusawa ta fi kowane lokaci daraja.

Na taɓa ganin amfanin wannan da idona. Ina saurayi aka yi saɓani tsakanin gidanmu da maƙwabtanmu na gona, waɗanda kuma 'yan uwa ne na jini. Shekara biyu a jere an ƙone karan gona wuta ta lashe gambar iyaka, garmar shanu kuma ta bi ta kai, har wurin ya shafe. Kowane ɓangare ya rantse cewa iyakar tana can cikin gonar ɗayan. Magana ta kai gaban mai unguwa. Wani tsoho da aka kira shaida bai ce uffan ba, sai ya karɓi fartanya ya sa aka yi tono a tsakanin wuraren da ake jayayya. Ba a yi zurfin kamu ɗaya ba sai ga dunƙulen saiwoyin gamba, baƙi ƙirin, a jere kamar an ja igiya. Sai ya zamana mu ma mun ci musu kunya ɗaya, su kuma sun ci mana biyu daga can ƙarshen. Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka watse. Da daminar aka sake dasa layin.

Daga gona zuwa tsakar gida

Da kaka, bayan an kai gero da dawa gida, sai a koma wa gamba da lauje. A yanke ta, a ɗaure dami-dami, a jingine ta ƙarasa bushewa. Sannan rani ya zama lokacin saƙar zana. Maza kan zauna a inuwar ɗorawa ko tsamiya suna saƙa suna hira, kuma wanda ya ƙware ana sanin aikinsa daga nesa, don zanarsa ba ta da ƙofar da ido zai leƙa.

Ku tuna gidajen da muka taso a cikinsu. Da zana aka kewaye gida, da ita aka raba sashen wa da na ƙane, da ita aka tsare makewayi. Ranar biki ko suna ita ce rumfa. Rumbun da ke riƙe da abincin shekara sau da yawa jikinsa zana ne. Suturar iyali gaba ɗaya, a ƙauyen da ba kowa ke da halin gina katanga ba, a kan wannan ciyawa ta rataya. Wanda ya saƙa fiye da bukatarsa ya ɗora wa jaki ya kai kasuwa, ya sami na cefane a lokacin da gona ba ta ba da komai.

Dabbobi ma sun ci rabonsu. A ƙarshen bazara, lokacin da harawa da ƙaiƙayi suka ƙare, tumaki suka rame, ɗanyen tsiron gamba shi ne koren farko da ake yanko musu. Ga kuma wani amfani da almajirai ba za su manta ba: daga karan gamba ake feƙe alƙalamin rubutun allo. Mu da yawa da muke riƙe da biro a ofisoshi yau, baƙin farko da muka rubuta a duniya da karan gamba muka rubuta shi.

Akwai aikin da take yi wanda ba a cika lura da shi ba sai da ta tafi. Iskar farkon damina takan kwaso yashi ta binne gero yana ɗan tsiro, ko ta ƙone shi da duka. Layin gamba yana karya ƙarfin wannan iska, yana kuma rage gudun ruwa a gangare. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, sun gwada dasa gamba layi-layi a gonakin gero, suka tabbatar tana tare yashin da iska ke ɗauka. A Burkina Faso ma manoma suna dasa ta a jikin jerin duwatsun da suke tare ruwa da su.

Gamba ta ƙetare teku

Wani abin mamaki shi ne ciyawar da muke wucewa ba mu ko waiwaye ta ba ta yi suna a duniya, kuma da sunanta na Hausa. Masanin tsirrai na Jamus, Kunth, shi ya raɗa mata sunan kimiyya Andropogon gayanus a 1833. A 1916 likita J. M. Dalziel ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa, gamba tana ciki. Har yau a harshen Ingilishi da kalmarmu ake kiran ta.

A Shika, kusa da Zariya, inda aka buɗe gonar kiwo ta gwamnati a 1928, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI, an daɗe ana nazarin gamba a matsayin abincin shanu. Daga Shika ne aka ɗauki irinta a 1973 aka kai cibiyar CIAT da ke ƙasar Kolombiya. Suna da filaye masu faɗi waɗanda ƙasarsu ke da tsami, ciyawar kirki ba ta yi. Gamba ta je ta zauna daram. A 1980 aka raba ta ga makiyayan Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Burazil kuma da sunan Planaltina, daga nan ta bazu zuwa wasu ƙasashen yankin.

A Ostireliya kuwa labarin ya juye. An kai ta can tun shekarun 1930 domin kiwo, aka riƙa shuka ta a arewacin ƙasar. Sai ta tsallake shinge ta shiga daji. Babu mai yankan ta don zana, babu mai jinka da ita, shanun kuma ba su isa su cinye ta ba. Ta riƙa girma har mita 4, tana bushewa a tsaye. Idan wutar daji ta kama, bincikensu ya nuna zafinta kan kai ninki 8 na wutar ciyawarsu ta asali, har ta kashe manyan itatuwa. A 2008 jihohin arewacin ƙasar suka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 kuma aka sa ta a jerin waɗanda ƙasar gaba ɗaya ke yaƙi da su. Abin da ya hana ta zama bala'i a wurinmu shi ne lauje da bakin dabba. Kowace shekara sai an aske ta.

Yadda ta ɓace

Ba rana ɗaya gamba ta bar Bacirawa ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe tushe da yawa, domin yunwa ta sa an bar dabbobi sun cinye ta har ƙasa. Kwano ya kori jinka, bulo da siminti suka kori zana, matasa suka daina koyon saƙa. Garmar shanu da tarakta ba su san ladabin iyaka ba irin na fartanya. Daga baya maganin feshi ya zo, wanda ba ya bambanta gamba da tofa.

Amma babban abin da ya tumɓuke ta shi ne birni. Kano ta miƙe ta bi hanyar Katsina, ta haɗiye Kurna da Rijiyar Lemo, ta iso mana. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ungogo sama da mutum 360,000. Gonaki suka koma fulotai, mafi yawansu awon igiya, babu tsarin titi, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta. A maimakon layin gamba sai ɗan turken siminti ko guntun ƙarfe, abin da mutum ɗaya zai iya cirewa da dare ya gusar. Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa a shekarun nan ya san yawan ƙarar da ake kawowa a kan fili, har tsakanin 'yan ɗaki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada mu ɗora wa dillalai laifin duka. Mu da ke zaune a birane, da yawanmu mun sayar da gadonmu ta wayar tarho, ba mu ko je mun ga inda aka ja igiyar ba. Wasu bukata ce ta sa, kuɗin makaranta ko na asibiti, kuma ba mai zargin su. Wasu kuwa mota suka canza. Ni ma da nake wannan rubutu, cikin gonaki biyu da suka zo hannuna ɗaya ta tafi.

A farfajiyar gidajenmu

A Amurka akwai 'yar uwar gamba ta jini, Andropogon gerardii, wadda ta rufe manyan filayen tsakiyar ƙasar kafin a nome su. Da suka ga ta kusa ƙarewa sai suka dawo da ita cikin lambunan gidaje da wuraren shaƙatawa a matsayin ciyawar ado. Jihar Illinois ma ta ɗauke ta a hukumance a matsayin alamarta a 1989. Mu kuwa in mun gina gida a Abuja ko Kaduna, sai mu daɓe tsakar gida da siminti, ko mu sayo ciyawar kafet wadda sai an shayar da ita safe da yamma, a garin da ake sayen ruwa a jarka.

Wanda ya taɓa ganin gamba a watan Oktoba, lokacin da ta fitar da kai mai laushi kamar audugar rimi, rana ta faɗo mata da la'asar, ya san ba ta gaza kowace fure kyau ba. Da damina kore ce shar, da kaka ta koma ruwan zinariya, da hunturu kuma iska na kaɗa ta tana wani sauti da duk ɗan ƙauye zai gane ko idonsa a rufe.

Dashenta ba wuya. Irinta yana da gashi, ba nauyi, kuma ba kowane ƙwaya ke tsirowa ba, saboda haka hanyar kakanni ta fi: a tsaga tsohon tushe, a ɗebi 'ya'ya uku ko huɗu da saiwarsu, a rage ganyen, a dasa a watan Yuli ko farkon Agusta lokacin da ruwa ya zauna. A bar tazarar taki ɗaya tsakanin tushe da tushe. Tana son rana, ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Da ta kama, ba ta bukatar ban-ruwa ko takin zamani.

Na san abin da uwargida za ta ce: macizai. Gaskiya ne duk ciyawar da aka bari ta cunkushe maɓoya ce. Maganin shi ne a dasa ta tushe-tushe a sarari, a share ƙarƙashinta, kada a manna ta da bangon ɗaki ko kusa da madafa da janareta. Idan ta bushe, wajen Nuwamba zuwa Disamba, a yanke ta a bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Wanda ya san ba zai iya yankan ta duk shekara ba, gara ya haƙura da ita. 'Yan uwa da ke ƙasashen waje kuma kada wanda ya sa irinta a jaka. A wasu ƙasashen laifi ne.

Ga ƙungiyarmu ina da roƙo, tun da tsintsiya maɗaurinta ɗaya. Maƙabartarmu da filin makarantar firamare suna daga cikin 'yan wuraren da suka rage na jama'a, kuma ruwa yana cin gefensu, masu gini ma suna matsowa. Kafin a tara kuɗin katanga, wanda muka daɗe muna magana a kansa a kowane taron shekara, ana iya zagaye su da layin gamba a damina ɗaya, da kuɗin da bai kai na buhunan siminti kaɗan ba, a gaban mai unguwa da dattawa, a rubuta ranar a littafin ƙungiya. Har yanzu ana samun tushe a gonakin ƙauyukan da ke arewa da mu, inda birni bai kai ba. Tsofaffin da suka iya saƙar zana ma ba su ƙare ba, ko da yake ana iya ƙirga su da yatsu. Ya kamata kwamitin matasa ya zauna da su da ranin bana, a ɗauki aikinsu a hoto, a sa yara su koya.

A gonar da ta rage mini akwai tsohon layi a gefen gabas, wanda mahaifina ya ce a haka ya tarar da shi. Bara na tsago tushe shida na kawo gidana na birni, biyar sun kama. Duk ɗan ƙungiya da ya zo gida a watan Yuli yana bukata, ya sanar da sakatare, ya taho da buhu da fartanya.